Yaƙin Biyafara: Tsakanin Talabijin Da Makaranta

Wani mai saurarenmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, ya rubuto yana tambaya: me ya sa in an ce yaƙin basasar Nijeriya, Turawa yunwa kawai suke tunawa, 'ya'yanmu kuma su yi zuru?

To Malam, an gwabza yaƙin ne daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970. A tsakiyar 1968 gidajen talabijin na Ingila da Amurka suka fara nuna yaran Biyafara da yunwa ta ƙanjame. Yunwar gaskiya ce, domin sojojin tarayya sun toshe hanyoyin shigar da abinci. Sai dai shi talabijin, hoton da ke tayar da hankali ya fi maimaitawa. Mai kallo ya riƙe hoton, amma da wuya ya san silar yaƙin: juyin mulki biyu a 1966, da kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa, da kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a Arewa.

Nan gida kuwa, a 2009 aka cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare, sai a 2022 aka ƙaddamar da maido shi. Yaron da bai karanta a aji ba, abin da ya tsinta a majalisa shi zai ɗauka tarihi.

Da fatan ka gamsu.