Gene Hunt da Gawar da Aka Tsamo a Kogin Aire

A watan Janairun 2006 tashar BBC ta fara nuna wani wasan 'yan sanda mai suna Life on Mars. Mota ta kaɗe Sam Tyler, wani jami'in bincike na birnin Manchesta, da ya farfaɗo sai ya ga kansa a shekarar 1973. Aikinsa na nan, ofishinsa na nan, amma mutanen ciki wasu ne. Babu kwamfuta, babu wayar hannu, hayaƙin taba ya turnuƙe ko'ina, kuma maigidansa Gene Hunt ya fi yarda da naushi a kan shaida.

Kashi goma sha shida aka yi, aka kammala a 2007. Mun daɗe muna komawa kansa, domin masu shirya shi ba su ɓoye ƙazantar wancan zamani ba. Annie Cartwright ta yi digiri a ilimin halayyar ɗan Adam, amma abokan aikinta maza abin zolaya suka ɗauke ta. A wani kashi an tura musu Glenn Fletcher, matashin ɗan sanda baƙar fata. Tun kafin a zage shi yake riga kowa yi wa launin fatarsa ba'a, don ya samu wurin zama a cikinsu. Wannan ya fi duk wani duka da aka nuna ciwo a wurinmu, domin mutum ne da aka koya wa cin naman kansa. A wani kashin kuma bom ya tashi, nan take aka cafke wani lebura ɗan Ayalan aka lakaɗa masa duka, alhali bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ba ƙagen marubuta ba ne. A 1974 aka kama wasu 'yan Ayalan shida bayan tashin bama-bamai a mashaya biyu a Birmingham, aka tilasta wa wasunsu sa hannu a takardar amsa laifi. Sai 1991 kotu ta sake su, bayan shekara goma sha shida a kurkuku. Irin wannan ta'asa na cikin abin da ya sa aka yi dokar 1984 wadda ta tsara yadda ake tsare wanda ake zargi da yi masa tambayoyi, daga bisani naɗar hirar a kaset ya zama wajibi. Shi ya sa idan Sam ya ajiye rakoda a kan tebur, sauran suke masa kallon taɓaɓɓe.

Sai dai wasan ya kuɓuce wa masu shi. Sam ne mai gaskiya, amma Gene Hunt jama'a suka so. Philip Glenister ya fito da shi da kwarjini da ban dariya, har baƙar maganarsa ta zama abin maimaitawa. A zaɓen 2010 jam'iyyar Leba ta buga fosta mai nuna David Cameron a siffar Hunt, zaune a kan jar motar da yake tuƙawa a wasan da ya biyo baya, Ashes to Ashes, da nufin ta tsorata masu zaɓe. 'Yan Konzabatib suka yi murna, suka karɓe hoton suka mai da shi tallar kansu. Shi kansa Sam, da ya dawo zamaninsa a kashin ƙarshe, sai ya ga rayuwar ba ta da armashi, ya yi tsalle daga saman bene ya koma 1973.

A nan muke da ƙorafi. Duk wanda Hunt ya doka, ko dai mai laifi ne, ko kuma gaskiya ta fito kafin awa guda ta cika. A zahiri ba haka abin ya riƙa ƙarewa ba. David Oluwale ya bar Legas a 1949, ya ɓuya a jirgin ruwan dakon kaya har tashar Hull. Ya yi shekaru a asibitin masu taɓin hankali, daga baya ya koma kwana a bakin shagunan birnin Leeds, inda wasu 'yan sanda biyu suka sa shi gaba da duka da wulaƙanci. A takardar caji ofis, a gurbin ƙasar haihuwarsa, an rubuta kalmar zagin baƙaƙe. A watan Mayun 1969 aka tsamo gawarsa a kogin Aire. Wani ƙaramin ɗan sanda mai koyon aiki ne ya fasa ƙwai. A 1971 aka ɗaure Sufeto Geoffrey Ellerker shekara uku, Saja Kenneth Kitching wata 27, bisa laifin duka kawai, domin alƙali ya umarci a wanke su daga tuhumar kisa.

Hatsarin ajiye wariya a shekarar 1973 shi ne mai kallo ya ɗauka cewa zamanin Sam ya warke. Ai kuwa shekara bakwai kacal kafin a fara wasan, rahoton Macpherson na 1999 kan kisan Stephen Lawrence ya ce wariyar launin fata ta shiga jinin tsarin rundunar 'yan sandan Landan. A watan Maris na 2023 rahoton Louise Casey ya sake faɗin haka, ya ƙara da ƙyamar mata.

A Afrilun 2022 mutanen Leeds suka kafa wa Oluwale allon tunawa a kan gadar da ke kusa da inda aka yi masa ganin ƙarshe. Kafin gari ya waye an ɓalle allon an tafi da shi.