Huhun Goro da Iyakokin Lissafi: Daga Salaga zuwa Akara

Tun kafin George Dantzig ya fito da dabararsa ta warware lissafin iyakoki a Amurka a 1947, fataken goro suna yin irin wannan lissafi da ka. Madugun da zai taso da ayari daga Salaga zuwa Kano ya san jarinsa, ya san abin da jaki zai iya ɗauka, ya kuma san kuɗin fito da na sarakunan hanya. A rubutun ɗaliban yau, idan x shi ne yawan huhun goro, k kuɗin huhu ɗaya har ya isa kasuwa, J kuma jari, sai a ce kx ≤ J, tare da x ≥ 0.

Amma wanda ya tsaya a nan zai yi asara, domin sharaɗin da ya fi tsanani ba ya cikin wannan layi. Goro ba gishiri ba ne. Yana bushewa, sankara tana kama shi, dole a riƙa kwance shi ana tsince ruɓaɓɓe, a yayyafa ruwa, a sake naɗe shi da ganye, ga tafiya ta watanni. Saboda haka kwanakin hanya ma suna da iyakar da ba a ƙetarewa, kuma ita ce ke yanke wa falke yawan abin da zai saya, ko da kuɗinsa sun fi haka.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa, wasu suka gangaro Akara, inda daga baya Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango, tun kafin a san Nima da Mamobi. A farkon ƙarni na 20 Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga Akara zuwa Legas, sannan titin jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Sharaɗin kwanaki ya sassauta, jaki ya fita daga lissafi. Sai dai jirgi yana da ranar tashi, kuma kuɗin dako a hannu ake biya. Jari ya koma shi ne iyakar da ke matse falke, ƙananan fatake da yawa kuwa ba su da shi.