Yarjejeniyar zaman tare

yarjejeniyar zaman tare (sn., mc.; jam'i: yarjejeniyoyin zaman tare) Alkawarin da mutum biyu ke sa wa hannu a gaban hukuma, doka ta ba su wasu haƙƙoƙin ma'aurata ba tare da an ɗaura aure ba. Danmak ce ta fara tanadar ta ga masu jinsi ɗaya a 1989. Faransa ta kafa tata, PACS, a 1999, ga jinsi ɗaya da mabambanta.

Gado ne babban giɓinta. A Faransa, idan ɗaya ya mutu bai bar wasiyya ba, ɗayan ba ya gadonsa ko sun shekara talatin ƙarƙashin rufi ɗaya. Ɗaukar yaro riƙo tare ma sai a 2022 aka halatta masu.

Dokar Nijar ba ta san ta ba. A can aure na namiji da mace ne, a gida ko masallaci ko ofishin magajin gari. Najeriya ta haramta ta ga masu jinsi ɗaya a 2014, da ɗaurin shekara 14.

*Misali:* Kawu, ba aure suka yi ba, yarjejeniyar zaman tare ce.