Daga Ƙofar Kano zuwa Gimi: Abin da Kasawa Ta Koya wa Likita Mila

A shekarar 1900 Bishop Herbert Tugwell na ƙungiyar CMS ya tashi daga Legas da abokan aiki huɗu, suka nufi Kano. Cikinsu akwai wani saurayin likita, Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani daga baya da Likita Mila. Ya riga ya koyi Hausa a Tarabulus, ga kuma zafin zuciya domin bishara. Abin da suka rasa shi ne haƙurin neman izini. Sarkin Kano Aliyu Babba bai gayyace su ba, kuma a farkon shekarar nan ce Lugard ya yi shelar cewa Arewa ta shiga hannun Ingila. Idan muka yi adalci, wane sarki ne zai ga Turawa biyar a ƙofarsa a irin wannan lokaci bai ɗauke su 'yan leƙen asiri ba? Sarki ya ba su 'yan kwanaki su bar garin.

Suka koma Girku, kudu da Zariya, garin da Walter Gowans, ɗaya daga cikin ukun da suka fara aikin SIM, ya rasu a 1894. Can Dudley Ryder ya mutu, Richardson ya koma gida da ciwo, gidan mishan ya ƙone, sauran suka janye.

Mu da muke hidima a Birnin Kebbi da Argungu da Ambursa, inda wani fasto yakan shekara goma da ikkilisiyar da ba ta cika benci biyar ba, abin da ya biyo baya ya fi shafarmu. Mila ya dawo, amma ba da tsohuwar gaggawa ba. A 1905 ya zauna cikin birnin Zariya, yana ba da magani, yana koyar da yara kaɗan, yana fassara aya bayan aya tare da Hausawan da suka fi shi sanin harshen. Waɗanda suka ba da gaskiya ba su da yawa. Kada mu mai da shi waliyyi: mutum ne mai kaifin baki, ya sha saɓawa da jami'an mulkin mallaka, har da abokan aikinsa.

A 1913 wasu daga cikin Isawa, masu girmama Annabi Isa tun kafin zuwan 'yan mishan, suka neme shi da kansu. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, aka ce ga girbi ya zo. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya kashe da yawansu, ƙauyen ya watse. Kasawar Kano tana da dalilin da za a tuba a kai. Ta Gimi kuwa ba laifin da za a nuna, kuma a ganinmu ita ce ta fi wuyar ɗauka. Almajiranmu sukan gane labarin Bitrus da ya yi musun Ubangijinsa aka maido shi. Wanda ya yi aminci ya kuma binne tumakinsa, shi ne ba mu cika shirya su dominsa ba.

Yaran da suka tsira aka riƙe su a makaranta, wadda ta koma Wusasa a 1929. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito. Daga zuriyar Isawan nan ne Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966, shekara 14 bayan rasuwar Mila.