Rayuwa a Cikin Jirgin Ruwan Yaƙi Lokacin Rikicin Kyuba na 1962

A tsawon Yaƙin Cacar Baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, ba a taɓa kusantar yaƙin nukiliya kamar yadda aka yi a watan Oktoba na 1962 ba. A ranar 22 ga watan, Shugaba John F. Kennedy ya sanar da cewa Sobiyet na girke makamai masu linzami a tsibirin Kyuba, ya kuma ba da umarnin tare duk jirgin da ke kai makamai can. Shugabanni ne suka yanke shawara a Washington da Mosko, amma nauyin aiwatar da ita ya faɗa ne kan sojojin ruwa, musamman na jiragen da ake kira distiroya.

Wane irin jirgi ne?

Distiroya jirgin yaƙi ne madaidaici mai sauri, wanda aikinsa shi ne rakiyar manyan jirage da farautar jiragen ƙarƙashin teku. Da yawa daga cikin waɗanda Amurka ta tura a lokacin an ƙera su ne tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Samfurin Gearing, alal misali, tsawonsa mita 119 ne, faɗinsa kuwa bai wuce mita 12 da ɗoriya ba, amma yana ɗauke da mutum kusan 300. Saboda rashin kaurin ƙarfen jikinsa, sojojin kansu suka yi masa laƙabi da gwangwani.

Kwana da aiki

Ƙananan sojoji na kwana ne a kan gadaje masu hawa uku, na tamfol da aka ɗaure a jikin ƙarfe, kowa da ɗan akwatin ajiye kayansa. Jirgin siriri ne, don haka da zarar teku ta harzuƙa sai ya riƙa tangaɗi, har mai cin abinci ya riƙe faranti da hannu ɗaya.

Aiki bi da bi ake yin sa dare da rana. A lokacin kwanciyar hankali, soja kan yi awa huɗu a bakin aiki ya sauka na awa takwas, kuma a cikin takwas ɗin ne zai yi gyare-gyare, da shara, da fenti, da atisaye. Idan al'amura suka yi zafi, akan raba mutane gida biyu, awa shida aiki awa shida hutu. In kuwa aka buga ƙararrawar shirin yaƙi, kowa zai ruga wurinsa, a rufe ƙofofin ƙarfe, babu mai motsawa sai an ba da izini. Saboda haka barci ya fi komai wuya.

Waɗanda suka fi shan wahala su ne masu kula da tukwanen tururi guda huɗu da ke juya injuna a can ƙasan jirgi, inda zafi ke gasa mutum. Masu na'urar rada da na'urar sauraron motsi a ƙarƙashin ruwa kuwa, a ɗakuna masu duhu suke zama, idanu a kan allo, kunnuwa a buɗe.

Ruwan sha daga ruwan teku ake tace shi, kuma tukwanen injin ake fara bai wa kafin mutane. Idan ya yi ƙaranci, sai a ƙayyade lokacin wanka. An haramta shan barasa a jiragen yaƙin Amurka tun 1914, don haka kofi ne abokin mai aikin dare. Mai, da abinci, da wasiƙun gida duk a tsakiyar teku ake karɓarsu, jirage biyu na tafiya kafaɗa da kafaɗa an haɗa su da igiyoyi, aikin da kuskure kaɗan ke iya jawo karo.

Ranakun da aka tsallake rijiya da baya

Tare hanyar ta fara aiki a ranar 24 ga Oktoba. Bayan kwana biyu, sojoji daga jiragen Joseph P. Kennedy Jr. da John R. Pierce suka hau wani jirgin dakon kaya mai suna Marucla, mai ɗauke da tutar Labanan, wanda Sobiyet ta yi haya. Ba su sami makamai ba, suka bar shi ya wuce.

Ranar 27 ga wata ta fi kowace haɗari. Wasu distiroya, ciki har da Beale da Cony, sun ritsa wani jirgin ƙarƙashin teku na Sobiyet mai lamba B-59, suka riƙa jefa masa ƙananan nakiyoyin gargaɗi domin ya fito sarari. Ba su san yana ɗauke da makamin nukiliya ba. Kamar yadda wani jami'in da ke cikinsa ya bayyana daga baya, kyaftin ɗin jirgin, Valentin Savitsky, ya zaci yaƙi ya riga ya ɓarke, ya nemi a shirya makamin, amma wani babban jami'i, Vasily Arkhipov, ya kwantar da hankula har jirgin ya taso. Sai a 2002 wannan labari ya bazu a duniya. Washegarin abin da ya faru, Nikita Khrushchev ya amince da janye makaman daga Kyuba.

Abin da ya biyo baya

Arangama a teku ba ta ƙare a nan ba. A watan Mayu na 1967, jirgin Walker na Amurka ya yi gogayya da jiragen Sobiyet har sau biyu a Tekun Japan. Irin waɗannan abubuwa ne suka sa ƙasashen biyu suka rattaba hannu kan wata yarjejeniya a Mosko ranar 25 ga Mayu, 1972, wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin ba da tazara da isar da saƙo tsakanin jiragensu, domin kada gajiya ko kuskuren mutum ɗaya ya zama sanadin yaƙi.

Jirgin Joseph P. Kennedy Jr., wanda aka raɗa wa sunan yayan shugaban da ya rasu a fagen daga a 1944, yanzu yana ajiye a matsayin gidan tarihi a birnin Fall River na jihar Massachusetts, inda maziyarta ke shiga su ga yadda waɗannan sojoji suka rayu.