A Kori Koci? Tarihin Yadda Masu Gida Suka Rasa Gida

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba. Yau ƙwallo za mu taɓa, amma ta ƙofar tarihi za mu shiga.

Duk ranar da Kano Pillars ta sha kashi sau biyu ko uku a jere, magana ɗaya ce ke tashi a majalisunmu na Dawanau, daga bakin kasuwar hatsi har gidajen kallo: "A kori koci!" Mai shayi ya faɗa, ɗan dako ya faɗa, mu 'yan boko mu hau Facebook mu rubuta. To ni tambayar da nake so mu yi wa tarihi ita ce: a watan Yulin 2022, lokacin da Pillars ta faɗo daga gasar Firimiyar Najeriya zuwa gasar 'yan dagaji, koci ne ya jefo ta? Ku biyo ni mu duba tun daga tushe.

An kafa Kano Pillars a 1990, bayan an haɗe ƙungiyoyi uku wuri guda: WRECA, Kano Golden Stars da Bank of the North. Gwamnatin jihar Kano ce ke da ita, kuma gidanta shi ne filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Kirarin nan na "Sai Masu Gida" ba a banza ya zauna mata ba. Daga 2003 har zuwa watan Agustan 2015, shekara 12 ke nan, babu ƙungiyar da ta zo Kano a wasan gasar ta ci Pillars. Wasa sama da 200. Ku tsaya ku auna wannan: yaron da aka haifa a shekarar da aka fara lissafin ya gama firamare bai taɓa jin an ce an doke Pillars a gida ba. Nasarawa United ce ta zo ta karya wannan tarihi da ci 2 da 1.

A cikin waɗannan shekaru ne Pillars ta ɗauki kofin gasar sau huɗu: 2008, 2012, 2013 da 2014. Yanzu ku kula da sunayen masu horarwa, don a nan maganarmu take. Kofin 2008 Kadiri Ikhana ne ya kawo shi. Na 2012 da 2013 Mohammed Baba Ganaru. Na 2014 Okey Emordi. Mutum uku daban-daban, kowa da salonsa, amma kofi bai daina zuwa Kano ba. Ba wai na raina su ba ne, manyan masu horarwa ne. Ikhana ya ci kofin Zakarun Afirka da Enyimba a 2003, Emordi ya sake ci da ita a 2004. Amma idan koci ya tafi, wani ya zo, nasara ta ci gaba, to akwai abin da bai tafi ba. Filin yana nan. 'Yan kallo suna nan. Ginshiƙan 'yan wasa irin su Rabi'u Ali "Pele" da Gambo Mohammed suna nan, sun san juna, sun san rigar da suke sawa.

Mu manoma ne a wannan yanki, mun san wannan lissafin. Gonar da ta sha taki, aka samu iri mai kyau, damina ta yi albarka, duk ƙwararren da ka sa a cikinta zai cika maka rumbu. Gonar da ta gaji kuwa, ko kullum sabon ɗan ƙwadago kake kawowa, buhun da za ka kai kasuwa ba zai ƙaru ba.

Ƙololuwar wancan zamani ita ce 2009. Pillars ta haɗu da Al Ahly ta Masar a gasar Zakarun Afirka, kuma Al Ahly ce ke riƙe da kofin a lokacin. Aka yi 1 da 1 a Najeriya, aka je Alƙahira aka yi 2 da 2, Pillars ta wuce saboda yawan ƙwallayen da ta ci a waje. Ta je har wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta fitar da ita. Ku riƙe sunan Heartland, za mu sake haɗuwa da ita a gaba. A kakar da ta biyo baya ne wani matashi mai suna Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a rigar Pillars, ya fi kowa a gasar, daga nan ya wuce Turai.

Shekarar 2015 ta zo da jarrabawa. A watan Maris 'yan fashi suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyarta ta zuwa Owerri, 'yan wasa suka ji raunuka. A watan Agusta tarihin gida ya karye. Tun daga 2014 kofin gasar bai sake zuwa Kano ba. An ɗan farfaɗo ta ɓangaren kofin ƙalubale. A 2018, a Asaba, Pillars tana gaba da ci 3 da nema a wasan ƙarshe, Enugu Rangers ta farke duka ukun, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenareti. Wallahi wanda ya kalli wasan nan ba zai manta daren ba. A 2019 aka dawo, aka doke Niger Tornadoes a bugun fenareti a Kaduna, Pillars ta ɗauki kofin karo na farko a tarihinta. Kocin da aka zaga a 2018, Ibrahim Musa "Jugunu", shi ne dai ya ɗaga kofin a 2019. Da an biye wa masu cewa a kore shi a daren Asaba fa?

To yanzu mu zo kan kakar da ta kawo mu.

Abu na farko: Masu Gida sun rasa gida. A 2020, da annobar korona ta shigo, an mayar da filin Sani Abacha cibiyar killace marasa lafiya. Wannan lalura ce, babu mai ja. Amma bayan an kwashe tantuna, gyaran filin ya ɗauki lokaci, Pillars ta koma buga wasanninta na gida a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, tafiyar sama da kilomita 200. Mu nan Dawanau, da kuɗin adaidaita sahu kake isa Ƙofar Mata ka dawo ka kwana a ɗakinka. Kaduna kuwa sai mai hali. Ƙungiyar da duk ƙarfinta a gida yake, ta zama baƙuwa a kowane mako. Wane koci ne zai gyara wannan da allo da alli?

Abu na biyu: da aka samu aka dawo Kano a watan Afrilun 2022, wasan da aka yi da Katsina United bai ƙare lafiya ba. Rikici ya tashi, aka farfasa motar baƙi. Hukumar LMC, wadda ke tafiyar da gasar a lokacin, ta ci Pillars tarar naira miliyan 9, ta cire mata maki uku, ta kuma tura wasanninta na gida Abuja. Gidan da aka daɗe ana jira, da hannunmu muka sake rufe shi. Na ce "hannunmu" da gangan, domin waɗanda suka yi jifan nan ba daga wata duniya suka zo ba, sa'o'inmu ne, matasa. Kuma ba ranar aka fara ba: ko a 2019, a filin Agege da ke Legas, an ci ƙungiyar tara saboda magoya baya sun kutsa fili bayan wasa da Rangers.

Abu na uku: a watan Yunin 2022, a wasa da Dakkada, bidiyo ya zagaye intanet yana nuna shugaban ƙungiyar na lokacin ya kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu. Aka hukunta shi, kujerar ta bar hannunsa, ana tsakiyar kokawar tsira. Idan babba ya yi haka a gaban kyamara, me za ka ce wa yaron da ke saman benci da dutse a hannu?

A gefen masu horarwa kuma, kujerar ba ta zauna wuri ɗaya ba. A kakar da ta gabaci wannan an ɗauko Bafaranshe, Lionel Soccoia, bai yi nisa ba ya tafi. Kakar 2021/2022 da Salisu Yusuf aka fara ta, ba shi ya ƙarasa ta ba. An yi ta canjin da ake kira a yi, amma jirgin bai daina nutsewa ba. Da aka rufe gasar a watan Yuli, ƙungiyoyi huɗu suka faɗi: Kano Pillars, Katsina United, MFM ta Legas, da Heartland. E, Heartland ɗin nan. Ƙungiyoyi biyu da suka kara a wasan kusa da na ƙarshe na Afirka a 2009, shekara 13 bayan nan suka rungumi juna suka gangara tare. Suna ba ya buga ƙwallo.

Wa ya ɗauki kofi a wannan kakar? Rivers United. Ita ma ta gwamnatin jiha ce, kamar tamu. Bambancin shi ne a lokacin Stanley Eguma yana kan kujerar koci tun kafa ƙungiyar a 2016. Shekara shida ana haƙuri da shi, kofi bai zo ba sai 2022. Haka Remo Stars ta Ikenne, wadda ta ɗauka a 2025: ƙungiyar ɗan kasuwa ce, tana da filinta, tana da makarantar renon yara, kuma ta bar kocinta Daniel Ogunmodede ya yi shekaru yana gini, har ya zo na biyu sau biyu kafin ya kai ga kofin.

Wannan ɗabi'a ta ɗora wa koci komai ba tamu ba ce mu kaɗai. A Amurka, a gasar NFL ta ƙwallon da ake runguma a hannu a ruga da ita, ranar Litinin ɗin da ke bin wasan ƙarshe na kaka har suna gare ta, Baƙar Litinin, saboda a ranar ake sallamar masu horarwa. Amma su can suna da gata biyu da ba mu da su. Ƙungiyoyi 32 ne, babu mai faɗawa ƙaramar gasa. Kuma wadda ta zo ta ƙarshe ita ake ba damar fara zaɓen gwanin matashi daga jami'o'i. Cleveland Browns ta buga wasa 16 a 2017 ba ta ci ko ɗaya ba, shekara ta zagayo tana nan a gasar, ita ce ma ta fara zaɓe. Mu a nan in ka faɗi ka faɗi. Babu mai ba ka kyautar ɗan wasa, naka ma guduwa suke. Shi ya sa wasa da maki uku a wurinmu wasa da rai ne.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, koci yana da nasa. Shi ke zaɓen 'yan wasa goma sha ɗaya, shi ke canji, shi ke da alhakin ƙungiyar da ke gaba da ci uku ta bari a farke. In bera da sata, daddawa ma da wari. Amma korar koci ita ce hukunci mafi arha. Takarda ɗaya ce, a karanta a rediyo, zuciyar magoya baya ta yi sanyi na mako biyu, kuma babu wanda zai sake tambayar waɗanda ke sama da shi. Wa ya ɗauko kocin, kuma da wane ma'auni? Yarjejeniyar shekara nawa aka ba shi? Nawa aka ware wa ƙungiyar, nawa ya iso? Su wa ke kula da tsaron fili ranar wasa? Ina yaran da za su gaji Rabi'u Ali? Ƙungiyar gwamnati da kuɗin jama'a ake tafiyar da ita. Harajin ɗan kasuwar Dawanau yana ciki. Don haka tambayar nan haƙƙinmu ce, ba rashin kunya ba ce.

Pillars ta dawo gasar Firimiya a 2023, bayan kaka ɗaya a ƙasa. An yi murna, kuma ta cancanci murna. Sai dai a watan Oktoban 2025, bayan wasa da Shooting Stars a filin Sani Abacha, magoya baya suka sake kutsawa fili, aka sake cin tara, aka sake cire maki uku, aka sake rufe mana gida. Shekara uku kacal tsakani. Masu horarwa nawa aka canza tsakanin 2022 da 2025? Amma hannun da ke jifa bai canza ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙon matasa 'yan uwana. Ranar da za ka je Ƙofar Mata, ka tafi da murya, ka bar dutse a hanya. In ka ga na kusa da kai zai tsallaka waya, riƙe masa riga, ka tuna masa cewa ɗan wasa sai ya yi gudun minti 90 kafin ya samo maki ukun da shi zai zubar cikin minti ɗaya. Ƙungiyoyin magoya baya na unguwanni su riƙa tsawatar wa nasu tun kafin hukuma ta tsawatar wa Kano gaba ɗaya. Kuma duk ranar da aka sanar da korar koci, kafin mu yi tafi, mu tambayi masu sanarwar: ku kuma me kuka gyara a ɓangarenku? Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa, musamman waɗanda suka kalli Pillars ta 2008 zuwa 2014 da idonsu: me kuka gani a wancan lokaci da babu shi yanzu? A tura wa abokai su ma su karanta. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu. Sai Masu Gida!