Alhaji Yakubu Tali, Tolon Na, da Shigar Arewacin Gana Majalisa

An haifi Yakubu Tali a 1916 a gidan sarautar Dagomba, lokacin da Turawan Ingila ke mulkin Arewacin Gold Coast (Gana ta yau) daga Tamale, hedkwatarsu tun 1907. A zamanin, Arewa ba ta da ko wakili ɗaya a majalisar dokoki ta Akara, makarantun boko kuwa 'yan ƙalilan ne. An ɗauki yankin a matsayin wurin ɗebo leburori don gonakin koko da ramukan zinariya na kudu. Yakubu yana cikin 'yan Arewa kaɗan da suka kai kwalejin Achimota, ya kuma fara aiki da koyarwa. Daga baya aka naɗa shi Tolon Na, wato sarautar Tolon, garin da ke yamma da Tamale, wadda mai ita ke cikin manyan hakiman Ya Na, sarkin Dagomba da ke Yendi.

A 1946 aka kafa Majalisar Yankin Arewa, wadda mafi yawan 'yan cikinta sarakuna ne, Yakubu kuma ya kai ga shugabantarta. Tsarin mulkin 1951 ne ya fara ba Arewa kujeru a Akara, kuma yana cikin rukunin farko da suka tafi. Damuwarsu mai tushe ce: ga 'yanci na ƙaratowa, alhali yankin ba shi da isassun ma'aikata da hanyoyi da makarantun da zai yi gogayya da kudu. Wannan ta sa shi da S. D. Dombo da Mumuni Bawumia da J. A. Braimah suka kafa jam'iyyar NPP, wato Jam'iyyar Mutanen Arewa, a Tamale a 1954. A zaɓen 1956 ta ci kujeru 15 cikin 104, fiye da kowace jam'iyyar adawa.

Ba ta daɗe ba. Gwamnatin Nkrumah ta haramta jam'iyyun yanki da na ƙabila da na addini a 1957, NPP ta narke cikin haɗakar 'yan adawa ta UP. Shi kuwa Tolon Na ya ci gaba da zama a majalisa, kafin a tura shi jakadan Gana a Najeriya, sannan Yugoslabiya.

Ya koma fagen siyasa a 1979, ya tsaya mataimakin Victor Owusu a takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar PFP, amma Hilla Limann, shi ma ɗan Arewa, ya kayar da su a zagaye na biyu. Ya rasu a 1986.